Akwatin Tsohon Ɗan Kurket na Gunduma: Ta Ina Ake Fara Adana Shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila da iyalina. Kakan matata ya buga wa ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kurket na gunduma wasa, tun bayan yaƙin duniya na biyu har farkon shekarun 1960. Muna gyaran gidan surukata sai muka tarar da akwatinsa a saman silin. A ciki akwai hula mai tambari, da suwaita, da sandunan bugu biyu, ɗaya cike da sa hannun 'yan wasa, da ƙwallo mai ɗan allon azurfa, da hotuna, da katunan maki, da littafin da aka liƙa yankan jaridu. Hular ta fara huhhujewa, takardun kuma suna warin danshi. Ina so in wanke na wankewa, in shafa wa sandunan mai, in sa wasu a firam, wasu kuma in kai gida Kaduna don yara su san kakansu. Ko kuwa sayarwa ya fi? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kana son sanin yadda za ka tsayar da lalacewar kayan, da yadda za ka nuna su, da kuma inda ya kamata su ƙare. Amma akwai aikin da ya gabaci waɗannan duka, kuma shi ne ya fi gaggawa: rubuta abin da kowane kaya yake, tun masu sani suna raye. Wanki da shafa mai kuwa, ka janye hannunka daga su tukuna. Yawancin ɓarnar da muke gani a kayan da ake kawo mana, masu kayan ne suka yi ta da kyakkyawar niyya a makon da suka buɗe akwati.

Abin da ke hannunka

Kurket wasa ne da ake jefa ƙwallo a buge shi da sanda. Gasarsa ta gundumomin Ingila ta samu tsarinta na hukuma a 1890, kuma yau ƙungiyoyi 18 ne ke cikinta, 17 a Ingila sai Glamorgan a Wales. A zamanin kakan matarka, hular gunduma ba ta cikin kayan da ake raba wa duk wanda ya shiga fili. Sai ɗan wasa ya nuna kansa, wani lokaci bayan shekaru, sannan a ba shi ita, kuma tana zuwa da ƙarin albashi da matsayi. Tambarin da ke goshinta shi zai gaya maka ƙungiyar: farar fure ta Yorkshire, jar fure ta Lancashire, farin doki na Kent, dabbar beyar riƙe da sanda ta Warwickshire, gashin tsuntsu uku na Surrey. Ka duba da kyau, domin a Yorkshire alal misali, furen da ya buɗe na wanda aka ba cikakkiyar hula ne, wanda bai buɗe ba kuma na 'yan rukuni na biyu. Ka leƙa cikin hular ma: sau da yawa akwai sunan shagon da ya ɗinka ta, da sunan ɗan wasan da tawada.

A ganina hular nan ita ce mafi daraja a akwatin, sai ƙwallon mai azurfa, domin irinsa ana ba mai jifa ne idan ya yi wata bajinta, kamar fitar da mutum uku a jifa uku a jere, kuma ana zana ranar a jikin allon. Sandar da ke cike da sa hannu, wadda ido ya fi zuwa kanta, ba lallai ta kai su ba. Ɗan wasan da ya yi kamar shekara goma da hularsa akan ware masa shekarar tara masa kuɗin sallama, kuma a irin wannan shekara ana sa wa sanduna da yawa hannu don a sayar ko a yi ƙuri'a a kansu. Ɗaya sandar, mai tabon jan ƙwallo da zaren ɗauri a fuskarta, idan ta tabbata da ita ya yi wasa, ta fi ba da labarinsa.

Rubutu kafin komai

Ka shimfiɗa farin zane mai tsabta a kan tebur. Kafin ka fitar da komai, ka ɗauki hoton akwatin a buɗe yadda ka same shi, domin abin da ke kusa da wani abu shaida ne: wasiƙar da aka naɗe a cikin hula wataƙila ita ce ta sanar da shi an ba shi hular. Sai ka ba kowane kaya lamba, ka rubuta ta da fensir a ɗan kati, ka ɗaura da zaren auduga a sassauce. Kada ka liƙa sitika a jikin komai. A littafi ko a kwamfuta, kowace lamba ta samu bayaninta: mene ne, tsawo da faɗi, duk rubutun da ke jiki harafi da harafi, irin lalacewar da ka gani, da inda aka same shi.

Daga nan ka zauna da surukarka, da izininta ka naɗi muryarta. Ka riƙa miƙa mata kayan ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi lambar da babbar murya don ta shiga cikin naɗin, sannan ka bar ta ta yi magana. Hoton ƙungiya yakan ɗauki mutum 11 zuwa 20, kuma wataƙila ita kaɗai ta rage da za ta iya cewa wannan wane ne. A rubutunka ka raba abin da ta gani da idonta da abin da aka ba ta labari, ka raba su biyun da abin da takarda ta tabbatar.

Dalilin wannan tsanani shi ne, kayan kurket suna kama da juna ƙwarai, kuma labarin baki yana sauya kaya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. A ranar 31 ga Agusta 1968, a filin St Helen's da ke Swansea, Garfield Sobers yana buga wa Nottinghamshire ya kora ƙwallo wajen iyakar fili sau shida a jifa shida na Malcolm Nash na Glamorgan. A 2006 aka yi gwanjon wani ƙwallo a Landan a kan fam 26,400 da sunan shi ne na ranar. Daga baya aka tayar da jayayya, domin ƙwallon ƙirar Duke ne, alhali Nash ya dage cewa ƙirar Stuart Surridge ya jefa. Wasan da aka ɗauka a talabijin ke nan, ina ga ƙwallon da ya kwana shekara sittin a saman silin.

Yadda za ka gano shekara

Kundin Wisden, wanda ake bugawa duk shekara tun 1864, yana ɗauke da sakamakon wasannin gundumomi. Ka kula da abu guda: kundin kowace shekara labarin kakar da ta gabata yake bayarwa, saboda haka wasan 1955 a kundin 1956 za ka same shi. Shafin CricketArchive a intanet yana da katin makin wasannin da jerin wasannin kowane ɗan wasa, sannan taskar tsofaffin jaridu ta British Newspaper Archive za ta ba ka abin da jaridun garinsu suka rubuta. Idan ka ga alƙaluma sun saɓa tsakanin majiya biyu, ka rubuta duka biyun da inda ka samo kowanne. Ko Jack Hobbs na Surrey, wasu littattafai sun ba shi maki 61,237, wasu 61,760, saboda saɓani a kan waɗanne wasanni ne za a ƙirga.

Sandar sa hannu tana da hanyarta. Ka karanto sunayen da za su karantu, ka nemo shekarar da kowanne ya fara wa ƙungiyar wasa da wadda ya daina. Shekarun da dukansu suka haɗu a ciki yawanci kaɗan ne, kuma ka samu lokacinta ke nan. Irin alƙalamin ma shaida ne. Biro bai yaɗu a Birtaniya ba sai bayan 1945, maka kuma sai shekarun 1960, don haka sa hannun maka a kan abin da aka ce na 1938 ne abin tuhuma ne.

Katin maki kuwa yana faɗin shekarunsa ta hanya biyu. Idan kuɗinsa da harafin d, alamar tsohon kwabon Ingila, aka rubuta, kafin canjin kuɗi na Fabrairun 1971 ne. Sannan har ƙarshen kakar 1962 ana bambanta masu wasa don sha'awa da masu wasa don albashi: na farko akan sa haruffan sunansu kafin sunan mahaifi, na biyu kuma a bayansa ko a bar su sam. Yadda aka rubuta sunan kakan matarka zai nuna maka a wane ɓangare yake.

Hula da suwaita

Hujin da ka gani aikin tsutsar asu ne, ko ta wani ɗan ƙwaro da ke zama a kafet. Dukansu ulu suke ci, musamman inda gumi ya taɓa. Ka fara da raba kayan ulu da sauran, ka duba cikin ɗinki da ƙarƙashin bakin hula ko akwai saƙar tsutsa ko ɗan gari kamar yashi. Maganin da ya fi aminci sanyi ne. Ka tabbatar kayan a bushe suke, ka naɗe kowanne da farar takarda mai laushi, ka sa a leda mai kauri, ka fitar da iska gwargwado ba tare da ka danne hular ba, ka rufe ruf. Firizar gida tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, kuma a wannan sanyi sai ka ba shi kwana 14. Da ka fitar, ka bar ledar a rufe har kwana ɗaya ko biyu, don raɓar da za ta taru ta taru a bayan leda, ba a kan ulun ba. Masu buɗewa da wuri su ne ke jiƙa kayan da hannunsu.

Kada ruwa ya taɓa hular. Bakinta yawanci da kwali aka ƙarfafa shi, yana jiƙewa zai lanƙwashe har abada, ulun zai tsuke, rinin zaren tambarin kuma zai iya zuba. Ƙura kawai za ka cire: ka ɗora ƙyallen raga a kanta, ka rage ƙarfin na'urar zuƙe ƙura zuwa mafi ƙanƙanta, ka riƙe bakinta ɗan nesa da ragar. Sannan ka cusa mata takarda marar asid a ciki har ta tsaya da siffarta, ba tare da ta buɗe ba. Wajen sayen takardar ka nemi wadda ba a ƙara mata sinadarin alli ba, ita ce ta dace da ulu da fata da hotuna. Suwaita ba a rataye ta, nauyinta zai ja kafaɗun. A kwance take zama a kwali, da naɗin takarda a kowane ninki don kada ya karye zaren. Kafur kuma ka bar shi: irin na naftalin an hana sayar da shi a Birtaniya tun 2008, kuma warinsa ba ya fita.

Sanda da ƙwallo

Fuskar sanda itacen wilo ne, mariƙinta wani kara ne mai lanƙwasa da aka haɗa da siraran roba, aka naɗe da zare, aka sa masa rigar roba. Man linsid da ka ji ana shafawa na sandar da ake wasa da ita ne, don kada ta tsage idan ƙwallo ya same ta. Wadda ta yi ritaya ba ta buƙatarsa. Man yana duhunta itace da daɗewa, yana kama ƙura, a kan sa hannu kuma yana narkar da tawada ya baza ta. Haka fenti mai ƙyalli da wasu ke shafawa wai don kare sa hannun: yana komawa ruwan ɗorawa, kuma ba ya ciruwa sai da tawadar. Busasshen burushi mai laushi ya isa, shi ma ka kauce wa wurin rubutu.

Idan ka ga ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙwaro mai huda katako ne. Tsofaffin ramuka baƙi-baƙi ne, sababbi kuma fari tas, da gari yana zubowa. Ka kwantar da sandar a kan baƙar takarda cikin leda na makonni, musamman tsakanin Mayu da Agusta lokacin da ƙwaron ke fitowa. In gari ya zubo, yana nan da rai. Ita sanda ba na ba ka shawarar ka sa ta a firiza da kanka, domin itace da kara da gam da roba kowanne da yadda yake tsukewa. Wannan na gwani ne. Rigar robar mariƙin idan ta fara narkewa tana danƙo, ka naɗe ta ita kaɗai da takardar da ba ta mannewa, don kada ta shafi wani abu. A kwance za ka ajiye sanda, da abin tallafi a wuri biyu. Tsawonta ba ya wuce santimita 96.5, faɗinta 10.8, sai ka nemi kwalin da ya ɗara haka kaɗan.

Ƙwallon fata ne a kan dunƙulen ɓawon itace da zare. Kada ka shafa masa man takalmi ko man fata. Ka yi masa ɗan gammo na takarda ya zauna a kai. Allon azurfar kuma kada ka goge shi da ruwan goge azurfa, domin yana cin zanen rubutun a hankali, yana kuma malala kan fatar ya bar farin tabo. Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba: ulu da roba suna fitar da sinadarin sulfa, shi ne ke baƙanta azurfa. Zaman ƙwallon nan a akwati ɗaya da suwaita da mariƙin sanda shi ya sa za ka same shi baƙi. Ka raba musu kwali.

Takardu da hotuna

Warin da ka ji alamar funfuna ce, ko tana nan ko ta taɓa yi. Ka baza takardun a ɗaki mai iska, da fanka tana kaɗawa gefe, ba hita ba rana. Idan sun bushe sarai, funfunar za ta koma gari, sai ka share ta da burushi a waje, da takunkumi mai tace ƙura sosai da safar hannu. Ka zare duk wani kilif da fil mai tsatsa da robar ɗauri. Salatif da ya riga ya manne kuwa ka bar shi, ɓamɓaro shi yana tafiya da rubutun.

Littafin yankan jaridu kada ka warware shi. Tsarin da mai shi ya bi wajen liƙawa, da abin da ya rubuta a gefe, su ma tarihi ne. Takardar jarida tana da asid a jikinta, za ta ci gaba da ja tana ƙeƙashewa duk abin da ka yi, saboda haka ka ɗauki hoton kowane shafi yanzu, ka ajiye littafin a kwance cikin kwali daidai shi. Katunan maki da hotuna kowanne ya shiga aljihun leda na foliyesta, irin wanda gidajen tarihi ke amfani da shi, ba ledar PVC mai wari ba. Bayani a bayan hoto da fensir mai laushi 2B ake yi, a gefe, ba dannawa. Lamineshin da muka saba yi wa takardun makaranta a gida, a nan haramun ne: zafi da gam suna shiga takardar, kuma ba a komawa baya.

Wajen sikanin, hotuna a 600 dpi (wato yawan ɗigo a kowane inci), takardu a 300 zuwa 400, a ajiye asalin a tsarin fayil ɗin hoto na TIFF, sunan fayil ya fara da lambar kayan. Ka yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a wani gida dabam. Ka ɗauki bayan hoton ma, domin hatimin mai ɗauka yana can. Mallakar hoto ba ta ba ka haƙƙin buga shi ba, wanda a Birtaniya yawanci yana kai shekara 70 bayan mutuwar mai ɗaukar.

Wurin ajiya, firam, da batun Kaduna

Saman silin da ɗakin ƙasa da gareji su ne mafi munin wurare, don zafi da sanyi da danshi suna hawa da sauka a cikinsu. Abin nema shi ne zafi digiri 16 zuwa 20, danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma ya tsaya ba ya tsalle. Ya haura 65, funfuna ta samu wuri. Kabad a cikin gida, nesa da bangon waje da hita da bututun ruwa, kwalaye a ɗage daga ƙasa, da ɗan agogon auna danshi a ciki, ya wadatar. Ka buɗe ka duba sau biyu a shekara.

Haske yana cin tawada da rini, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Gidajen tarihi suna nuna tufafi da takardu a hasken da bai wuce lux 50 ba (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), wanda ya yi ƙasa ƙwarai da na falo mai taga. Don haka kwafi za ka sa a firam. In dole sai asali, to gilashi mai tare hasken da ke koɗar da launi, kwalin ciki marar asid wanda zai hana kayan taɓa gilashin, ba gam, kuma a bangon da rana ba ta kaiwa.

Niyyarka ta kai wa yara gida mai kyau ce, amma kwafi za ka kai. A Kaduna danshi yakan haura kashi 80 a watan Agusta, ya faɗo kusan 20 da hunturu. Itacen wilo zai kumbura ya tsuke duk shekara har ya tsage, ga gara ga kyankyasai masu cin takarda da gam. Ka buga littafin hotuna mai kyau da bayanin kowane kaya da labarin da kakarsu ta bayar. Ka kuma sani cewa fitar da wasu kayan da suka haura shekara 50 daga Birtaniya, musamman rubuce-rubucen hannu, yana iya buƙatar lasisi, kuma hukumar Arts Council England ce ke bayarwa.

Sayarwa ko bayarwa

Kafin wannan magana ta taso, a tabbatar da mai kayan. Na surukarka ne ko nata da 'yan'uwanta, kuma yardarsu a rubuce ta fi. Ba zan sa wa abin da ban riƙe a hannu ba kuɗi, kuma duk wanda ya yi maka haka daga hoto ɗaya ka yi hattara da shi. Abin da ke ɗaga farashi sunan ɗan wasa ne, da shaidar asali, da lafiyar kayan. Na ɗan gunduma da bai buga wa Ingila ba, kuɗin yawanci bai kai yadda iyali ke zato ba, ga kamashon gidan gwanjo, sannan akan rarraba kayan kashi-kashi, hula ta yi gabas littafi ya yi yamma. Idan kun yanke sayarwa, ku ji ta bakin masu gwanjon kayan wasanni biyu, ku kuma tuntuɓi ƙungiyar Cricket Memorabilia Society, wadda aka kafa a 1987.

Ni dai zan fara da ƙungiyar da ya buga wa wasa. Kusan kowacce tana da mai kula da tarihinta, wasu da gidan tarihi sukutum: Sussex a Hove, Somerset a Taunton, Glamorgan a Cardiff, ga ɗakin karatu na Trent Bridge a Nottingham, ga kuma gidan tarihin ƙungiyar Marylebone Cricket Club (MCC) a filin Lord's da ke Landan. Ko ba ku ba su komai ba, za su taimaka wajen gane fuskokin da ke hoto, su ma za su so kwafin abin da kuka sikana. In za ku bayar, ku bambanta kyauta da aro. Kyauta ta fita hannunku ke nan, aro kuma yana da wa'adi da sharuɗɗan inshora. Ku nemi takardar yarjejeniya mai jerin kayan da lambar da suka shigar da su, ku tambayi inda za a ajiye su, da ko iyali za su iya zuwa gani, da abin da zai faru da su idan gidan ya rufe. Gyaran hujin hular da duba sandar kuwa, ka nemi ƙwararre ta rajistar masu gyaran kayan tarihi ta cibiyar Icon, ka kuma buƙaci ya rubuto maka abin da zai yi da kuɗinsa kafin ya taɓa komai.